Ragon Kulon

A kasuwar waya ta Tarauni, inda yayana yake da shago, waya iri uku ce. Akwai sabuwa dal a kwalinta, akwai 'yar Landan wadda wani ya ɗan riƙe ya saki, sannan akwai kulon. Kulon ita ce wadda aka ƙera don ta yi kama da babbar waya sak: launi ɗaya, tambari ɗaya, har kwalin ma ba ka iya rabewa. Sai ka kai ta gida take fara nuna hali. Ta yi zafi a aljihu kamar dankalin da aka ciro daga toka, hoton da ta ɗauka ya fito kamar an shafa masa man gyaɗa, kafin damina ta zagayo batir ya kumbura ya ɗaga murfi. Tun ina sakandare nake taya Yaya zaman shago, don haka ko idona a rufe, ka ɗora mini waya a tafin hannu zan gaya maka asali ce ko kulon. Dokar Yaya ita ce in mai saye ya tambaya, a faɗa masa gaskiya. Ni kuma na ƙware wajen cika mutum da surutu har ya bar shagon bai tuna ya tambaya ba. Allah ya yafe mini wannan, ya haɗa da sauran da za ku ji.

Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami. Yaya ne ya riƙe gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, ya riƙe Inna, ya riƙe ni, kuma shi ya sa ni a wata kwaleji ina karatun difloma. Da safe lakca, da yamma shago. A shekarar farko na faɗi kwas ɗin Turanci, na kwaso abin da ɗalibai ke kira keri-oba, wato sai ka sake zama ka maimaita. Ranar da Yaya ya ji, muna cin tuwo a zaure, bai ɗaga murya ba. Sai da ya suɗe yatsunsa tas sannan ya ce:

"Auta, ni ban yi boko mai nisa ba, amma na san maimai. Ka sake faɗuwa wannan kwas ɗin, ka ajiye biro ka dawo shago gaba ɗaya. Dama ina neman wanda zai zauna mini in riƙa zuwa sari da kaina."

Ba zan yi muku ƙarya in ce son littafi ne ya sa gabana ya faɗi ba. Makarantar nake so, ba karatun ba. Ina son in shiga adaidaita sahu da fayil a hammata, direba ya waiwayo ya ce, "Ɗalibi, ina muka nufa?" Ina son rumfar mai awara da ke bakin ƙofar kwaleji, inda muke gyara wa manyan ƙungiyoyin ƙwallo 'yan wasansu, mu sauke gwamnati mu naɗa wata kafin awara ta huce. Ina son rububin kujera a babban aji, da ihun da ake yi in an ɗauke wuta ana tsaka da lakca. Shago kuwa na san shi ciki da waje: benci ɗaya, kwanon rufi mai zafi, ƙarar janareto ta kowace kusurwa, daga safe har magariba, har ranar da gemunka zai yi fari. Rabin yini ina iya jurewa. Yini guda, har abada, shi ne abin da nake tsoro.

Malamin Turancin wani gajeren mutum ne mai tura hula ƙeya. Ba ya dariya da baki, sai dai ka ga kafaɗunsa suna rawa. A wannan zangon ya ce ya gaji da karanta rubutun da muke kwafa daga juna, don haka kaso mai tsoka na makin kwas ɗin zai fito ne daga muhawara. Mutum biyu su goyi baya, mutum biyu su yi suka, a gaban aji, da Turanci.

Ranar da ya raba batutuwa ba na ajin. Ina rumfar mai awara ina kare wani mai tsaron raga da ya sha ƙwallaye a daren jiya. Sai ga wata yarinya ta tsaya a kaina, ta tare mini rana.

"Kai ne mai keri-oba, ko?"

"Ni ne, Hajiya."

"Ba Hajiya ba ce, coci nake zuwa. An haɗa ni da kai."

Na san ta daga nesa, kowa ya san ta. Iyayenta mutanen kudu ne, amma a Tarauni aka haife ta, babanta yana da kemis a hanyar Darmanawa, shi ya sa aji ke kiran ta 'yar kemis. Hausarta ta fi tawa kaifi, musamman in faɗa ya kama. A kujerar gaba take zama, ba ta taɓa faɗuwa komai ba, kuma daga yadda take kallona na gane ba ta da niyyar farawa a kaina.

Ta miƙo mini wayarta in karanta batun. Doguwar jimla ce ta Turanci, amma kalmomi biyu suka yi tsalle suka faɗo mini a ido. Ɗaya tana nufin dabba. Ɗayar kuwa tsohuwar abokiyata ce, kulon, an ɗan ƙara mata jela a ƙarshe. Ko ya dace a riƙa yin kulon ɗin dabbobi? Mu ne masu suka.

"Ka san abin kuwa?" in ji ta.

Na ajiye tsinken awara. "Ni? Kulon? Baiwar Allah, da shi na tashi. Babu ranar da ba na taɓa shi da hannuna."

Ta ɗan ja baya ta sake dubana. "A ina?"

"Wajen yayana."

"Likitan dabbobi ne?"

"Ya wuce nan," na ce, don a ganina wanda ya iya gane kulon ta nauyi ya wuce likita.

Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta ce to madalla, tunda haka ne ni zan fara tashi in yi bayanin ma'anar abin, ita ta biyo da hujjoji. Da yamma ta turo mini wasu dogayen rubuce-rubuce ta waya, ta ce in duba. Na mayar mata da hoton babban yatsa. Ban buɗe ko ɗaya ba. Ni da waya ba ta barin hannuna, ni da nake saita wa mutane intanet a sabuwar waya, ban taɓa rubuta kalmar nan na duba ma'anarta ba. Me zan duba? Na sani.

Amma na yi bincike, kada a zalunce ni. Na fara da kasuwa. Maƙwabcin shagonmu wani dattijo ne mai sayar da caja da murafen waya, na ce masa, "Baba, ka ji wai yanzu har dabbobi ake yi wa kulon?"

Ya tafa hannu. "Na faɗa! Wallahi na faɗa! Ragon da na saya bara da Sallah, a kasuwa ya kai ƙuguna. Muna isa gida ya fara raguwa. Kafin a yanka shi ya koma kamar ɗan akuya. Naman kuwa, matata ta zuba shi a tukunya ya cika, ta buɗe ta tarar da shi a gindi."

Wani mai gyaran waya ya leƙo ya ce ai gishiri aka ɗura wa ragon ya sha ruwa ya kumbura, tsohuwar dabara ce. Muka yi masa ca. Shi me ya sani game da ci gaban zamani? Kafin la'asar layinmu gaba ɗaya ya tabbatar cewa akwai wata masana'anta a wata ƙasa mai nisa da ake haɗa raguna, a zubo su a kwantena, ƙaho daban, jela daban, a ɗaura a nan.

A gida na tambayi Inna. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce ita tun tuni ta san kajin gidan gona ba kajin Allah da Annabi ba ne. Kaza ta girma kafin ta koyi tono? Na riƙe wannan ma.

Daga nan na je wa limamin masallacin layinmu bayan sallar la'asar, na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, layya tana yi da ragon kulon?"

"Ragon me?"

Na yi masa bayani da misalin waya. Ya saurara yana jan carbi.

"Yana cin ciyawa?"

"Wataƙila ana saita shi ya ci."

"Yana da jini?"

"Ban tabbatar ba."

"Uwa ce ta haife shi?"

"A'a, Malam, haɗa shi ake yi."

"Ka gani da idonka?"

"An faɗa."

"To ni ba na fatawa a kan an faɗa. In ka samu guda ka jawo mini shi in gani. Amma abin da ba tunkiya ce ta haife shi ba, ban san da wane baki zan kira shi rago ba."

Na yi godiya na tashi. A hanya na zubar da farkon maganarsa, na riƙe ƙarshen, na kira shi fatawa.

'Yar kemis ta neme ni mu gwada kafin ranar. Na ce kada ta damu, in mutum ya cika gwaji sai armashin ya tafi. Ta ce aƙalla in gaya mata da me zan buɗe. Na ce da misali mai rai, wanda za su taɓa da hannunsu. Ta zaro ido ta ce ba dai dabba zan jawo aji ba. Na yi murmushi irin na manya na wuce.

Ranar muhawara na ari kwat wajen wani abokina, duk da zafin bazara da ake yi. Na biya ta shago kafin Yaya ya fito, na zari wayoyi biyu daga cikin gilashi, asali da kulon ɗinta, na sa ɗaya a kowane aljihu. Ajin ya cika maƙil, har da 'yan wasu sassa da suka shigo shan iskar fanka ɗaya tilo da ke aiki. Da Turanci aka yi komai, amma da Hausa zan ba ku, don Turancina na ranar bai kamata a sake jin sa ba.

Mai goyon baya na farko wani dogo ne mai tabarau. Ya tashi cikin natsuwa ya ce ana ɗaukar ƙwayar halitta daga jikin tunkiya, a samo ƙwan haihuwa daga wata tunkiyar a cire abin da ke cikinsa, a sa na farkon a ciki, sannan a dasa a mahaifar tunkiya ta uku. In Allah ya sa ta haihu, ɗan zai fito da halittar ta farkon sak. Ya ce da wannan za a iya yawaita saniya mai yawan nono, a ceto dabbobin da ke ƙarewa a duniya, a samu magunguna.

Na tausaya masa. Na ce a raina, bawan Allah ya karanta wani babi daban, kuma babu wanda ya gaya masa.

'Yar kemis ta matso ta raɗa mini, "Ya riga ya yi bayanin ma'anar. Kai ka wuce kan illoli kawai."

"Ma'anar tasa ba daidai ba ce," na ce. "Bari ki gani."

Na ji ta ce "Me?" amma na riga na miƙe.

Na gaishe da malam, na gaishe da aji, na gyara kwat. Na ce abokin hamayyata ya kawo mana labarin haihuwa mai daɗi, amma a nan ba asibiti muka zo ba. Kulon ba a haihuwar sa, haɗa shi ake yi. Na zura hannu biyu a aljihu na fito da wayoyin, na ɗaga su sama. Na ce wa zai iya gaya mini wacce ce ta gaskiya?

Aji ya yi tsit. Irin wannan shirun ban taɓa samun sa a rayuwata ba, ya kuwa hau mini kai. Na miƙa wayoyin ga 'yan layin gaba su auna nauyi. Na ce ta hagun nan kulon ce, kuma a shagon yayana muna da irinta kwali-kwali. Har layin da shagon yake na faɗa, da launin ƙofarsa, don kada a ce ƙage nake yi. Na ce yawancin masu saye ba sa tambaya, mu kuma ba ma tsokano magana. To in waya ce, na ce, asarar aljihu ce kawai. Amma ku duba magidanci ya sayi rago ranar jajibiri, ya ɗaure shi a turke, yara sun yi masa wanka, da safe a zo a tarar ya yi zafi ya kumbura. Wa zai ba shi garanti? Ina zai mayar da shi?

Wata dariya ta fashe a baya, ta gangaro gaba kamar ruwan kwata bayan an yi mamako. Na ɗauka tawa ce, wato suna tare da ni. Wani ya ɗaga murya daga can ƙarshe:

"Oga, wace irin caja yake amfani da ita?"

Na nuna shi da yatsa na ce tambaya ce mai kyau, kuma ita ma masu goyon baya ba su amsa ta ba. Wata yarinya ta zamo daga kujera. Na kawo shaidar Baba mai caja da ragonsa da ya ragu. Na kawo kajin gidan gona. Na ce har wajen malamai na je, kuma an tabbatar mini layya ba ta yi da shi.

Sai na ji ana jan gindin kwat ɗina. 'Yar kemis ce, kanta a sunkuye, tana magana ta cikin haƙora.

"Zauna. Don girman Allah, zauna."

"A bar shi," in ji malam. Kafaɗunsa suna rawa har hularsa ta kusa faɗuwa. "Lokacinsa ne, a bar shi ya ƙarasa." Ya goge ido da hankici ya ce, "Tambaya ɗaya. Wannan ragon naka, me ke cikinsa?"

"Ban taɓa buɗewa ba tukuna, Malam."

Ban ji sauran ba, don ajin ya rushe. Na koma kujera ina haki, na ce wa 'yar kemis, "Kin gani?"

Mai goyon baya ta biyu ta tashi tana magana, amma ni raɗar da 'yar kemis ke yi mini a kunne nake ji.

"Ka san tagwaye?"

"Na sani."

"To tagwaye ne. Sai dai ɗaya ya girmi ɗaya da shekaru, kuma mutane ne suka shirya. Rago ne na gaske, mai jini da nama, tunkiya ce take haifar sa, yana cin dusa yana kashi. Babu masana'anta. Babu caja. Ka gane?"

Na gane. Na duba ajin na ga wayoyi a sama, da yawa, duk sun juyo gare ni suna ɗaukar bidiyo. Wasu ma ni na sayar musu.

Da aka kira ta, ta miƙe ta jira har dariyar ta lafa. Sannan ta ce abokin tafiyarta ya nuna wa aji, a aikace, abin da ke faruwa in aka kawo wa jama'a abu kafin su fahimce shi. Aka tafa mata, ni ma na tafa, don ban san me zan yi da hannuwana ba. Daga nan ta shiga aiki. Ta ce kafin a samu ɗa guda mai lafiya ciki da yawa ke zubewa, wasu 'ya'yan a haife su da ciwo su mutu, kuma tumakin da ake dasa wa cikin babu wanda ya ƙirga wahalarsu. Ta ce in garke gaba ɗaya ya zama jiki ɗaya, cutar da ta kayar da ɗaya za ta kayar da duka. Ta ce mai hali ne zai mallaki saniyar da ta fi kowacce, ya yi ta maimaita ta, ƙaramin makiyayi ya rasa kasuwa.

Mai tabarau ya nemi izini ya ce ai dama yanka su muke yi mu cinye, kuma tun kaka da kakanni makiyayi yana zaɓen ragon da zai bar wa garke. Mene ne sabo?

Ta ce zaɓe daban, tilastawa daban. Ta ce ita a Tarauni ta tashi, kuma duk Sallah tana ganin maƙwabtansu suna ba rago ruwa, suna wasa wuƙa a bayan gida don kada ya gani, ba sa yanka ɗaya a gaban ɗan'uwansa. Mutanen da ke tausaya wa dabba a ranar mutuwarta, ta ce, bai kamata su yi shiru a kan yadda aka kawo ta duniya ba. Mai tabarau ya ce wannan tausayi ne, ba hujja ba. Ta ce tausayi ma hujja ne. Suka yi ta yi har malam ya buga tebur. Ni dai ina zaune ina jin tambayoyin liman suna dawo mini ɗaya bayan ɗaya, yana da jini, uwa ce ta haife shi, ashe shi ya fi ni kusa da batun ba tare da ya sani ba.

Malam ya ce kowa makinsa daban, wannan ne kaɗai ya hana 'yar kemis kashe ni. Ita ta samu nata cif. Ni kuwa ya ce ya ba ni na tsayuwa a gaban jama'a da na ƙarfin hali, amma na ma'ana babu inda zai samo shi.

A waje na tare ta na ba ta haƙuri. Ta ce, "Me ya hana ka buɗe abin da na turo maka?"

"Na ɗauka na sani."

"Kuma yayan naka da ya wuce likita?"

"Waya yake sayarwa."

Ta dube ni, ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi. Ta dafa bango tana dariya har da hawaye. Daga ranar har na bar kwalejin, in ta hango ni sai ta ce, "Kulon, an yi caji?" Aji ya ɗauka. Mai awara ma ta ɗauka.

Da yamma, kafin in wuce shago, na biya gida na tarar da Inna a tsakar gida tana zuba wa akuyarta dusa. Na ce mata maganar da na kawo kwanaki ba haka take ba, na yi mata bayanin tagwayen da ɗaya ya girmi ɗaya. Ta tsaya da kwano a hannu.

"Wato da sun gutsuri wani abu a jikin jar akuyata kafin ta mutu, da sun dawo mini da ita?"

Jar akuyar ta mutu tun ina firamare, amma har yau da ita Inna take auna kowace akuya.

"Jikin zai zama iri ɗaya, Inna. Launin, ƙahon, wataƙila har yawan haihuwar."

"Za ta san muryata? Za ta riƙa tura ƙofar ɗakina da asuba?"

"A'a. Sabuwa ce. Sai kin koya mata."

Ta dubi wadda ke gabanta tana cin dusa. "To a bar ta inda take," ta ce. "In dinga ganin fuskarta tana yi mini kallon baƙuwa? A'a." Can kuma ta ƙara da cewa, "Amma nonon nan nata, da za a samu, ba zan ƙi ba."

Bidiyon ya riga ni isa kasuwa. A wurin da kowa ke riƙe da waya, kuma aikin kowa tura abu daga wannan waya zuwa waccan, ba a buƙatar mai shela. Na shigo layinmu aka tarbe ni da kukan rago ta kowane shago. Baba mai caja shi kaɗai ya tsaya a bayana, ya ce har gobe ragonsa kulon ne. Na lallaɓa na mayar da wayoyin cikin gilashi. Yaya yana zaune yana kallon bidiyon, ya kai ƙarshe, ya dawo da shi daidai inda nake kwatanta launin ƙofarmu, ya sake kallo. Bai ce mini komai ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Daga ranar babu wanda ya sake shigowa shagon bai tambaya ba. Tsoho da yaro, mace da namiji, kafin su yi sallama sai su ce, "Asali ce ko irin ta ragon?" Wasu suka dawo da wayoyin da suka saya tun bara suna neman bayani. Wasu ba saye ya kawo su ba, ni suka zo gani, su ɗauki hoto su tafi. A ƙarshe Yaya ya ware kulon ɗin gefe guda, ya riƙa faɗa da bakinsa tun kafin a tambaya, don ya gaji da amsawa. Duk wannan bai ce mini uffan a kan maganar ba.

Aka yi jarabawa. Na yi karatu a wannan karon, tsakanina da Allah, amma ramin da muhawara ta bari ya fi ƙarfin abin da na iya cikewa. Sakamako ya fito, na faɗi da ɗan kaɗan. Na tsaya a bakin ƙofar kwaleji na daɗe ina kallon rumfar mai awara, na sayi awara na kasa ci. Daga nan na shiga adaidaita zuwa Tarauni, na ɓoye fayil ɗin a ƙarƙashin riga don kada direba ya kira ni ɗalibi.

Na tarar da Yaya yana manna gilashin kariya a wayar wani. Na jira mutumin ya tafi.

"Yaya, sakamako ya fito."

"Ka faɗi."

"Na faɗi."

Ya ci gaba da goge tebur da tsumma.

"Gobe zan fara zuwa da safe," na ce.

"Zuwa ina?"

"Shago."

"Shagon wa?"

Ya ajiye tsumman ya dube ni sosai, karo na farko tun ranar bidiyo.

"Auta, rabin yini kake zama a nan, ka sa kwat ɗin aro ka je gaban jama'a ka tona mini asiri har da launin ƙofa. In na bar maka shagon yini guda na tafi sari, kafin in dawo ka kira 'yan jarida. Kai ba ɗan kasuwa ba ne. Bakinka ba ya riƙe komai, kuma in ba a tambaye ka ba, a nan ne kake faɗin wanda ya fi muni."

"To ya za a yi, Yaya?"

"Ka koma makarantar ka maimaita. Ko sau nawa ne zan biya, ya fi mini sauƙi. Da yammar ma ka huta, ka zauna a gida ka yi karatu."

Na sunkuyar da kai don kada ya ga abin da fuskata ke yi. Na ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi, na juya da sauri kafin ya sake tunani. Na kai bakin ƙofa ya kira ni.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"In sun sake ba ka wata muhawarar, ko a kan sauro ce, ka fara zuwa ka yi ta a gabana."